Filin Tambaya da Amsa: Ƙera Ƙaramin Kan Jirgin Ɗaukar Gumagumai

Wasiƙun wannan karon kusan duk sun tattaru a kan abu ɗaya, wato kawunan jirgi masu giya waɗanda suka yi aikin fito da gumagumai daga dazuzzukan Amurka, da yadda ake ƙera ƙananan samfurinsu don layin dogo na kan tebur. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin sunayen Shay da Climax da Heisler. Mene ne bambancinsu, kuma da wanne ya kamata sabon shiga ya fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dukkan ukun matsala ɗaya suka zo warwarewa. Layin masu saran itace na wucin gadi ne, ana shimfiɗa shi cikin gaggawa, ga hawa ga kwana mai tsanani, kan jirgi na yau da kullum kuma ba ya iya binsa. Sai aka ɗora injin a kan bogi biyu ko uku, wato ƙananan amalanken ƙafafu masu juyawa da kansu, aka kai musu ƙarfi ta hanyar shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da giya.

Ephraim Shay mai harkar katako ne a jihar Michigan, ya sami rajistar ƙirarsa a 1881, kamfanin Lima da ke Ohio kuma ya ƙera kusan 2,770 har zuwa 1945. Silindojin injin Shay biyu ko uku a tsaye suke a gefen dama, shaf yana bin gefen daman a waje, kowace ƙafa ta wannan gefe tana ɗauke da giya mai siffar mazurari. An gusar da tukunyar tururi zuwa hagu don a sami wuri, nauyi kuma ya daidaita. Climax a garin Corry na Pennsylvania aka yi ta daga 1888 zuwa 1928, shaf ɗinta a tsakiya yake a ƙarƙashin tukunya. Heisler daga garin Erie ta fito har zuwa 1941, silindojinta biyu suna haɗuwa kamar harafin V, shaf na tsakiya yana juya aksul ɗaya a kowane bogi, sandar gefe tana kai ƙarfin ga ɗayan.

Shawararmu ita ce Climax ajin A. Ita kamar tarago ce mai rufin katako, tukunya da injin suna ciki, ba a ganin komai da ke motsi sai ƙafafu. Za ka iya ɗaukar ƙasan wani ƙaramin kan jirgi mai bogi biyu wanda ke tafiya lafiya, ka gina gangar jiki a kansa da robar sitayirin mai kaurin milimita 1 da siraran katako. Shay ce ta fi jan ido, ita ce kuma ta fi cin rai, don duk kuskuren da ka yi a gefen damanta yana fili. Bar ta ta zama aiki na biyu ko na uku.

Tambaya: Wane sikeli ya fi dacewa? Teburina bai wuce mita biyu da rabi ba.

Amsa: Sikelin HO kashi ɗaya ne cikin 87 na girman ainihin jirgi, tazarar layinsa milimita 16.5. HOn3 sikelin ɗaya ne amma a kan layi mai milimita 10.5, yana wakiltar siririn layin ƙafa uku. On30 kashi ɗaya ne cikin 48, a kan layi mai faɗin na HO. Ga mai ƙera abu da hannunsa, On30 ta fi sauƙi: kowane ɓangare ya kusa ninka na HO girma, akwai wurin moto da nauyi da lasifika, ƙananan kawunan daji kuma suna bin kwana mai radiyos na santimita 46 ba tare da gardama ba. Abin da za ka rasa shi ne fili, don gada da injin yanka katako da bishiyoyi duk za su ci wuri. Sikelin N, kashi ɗaya cikin 160, a bar wa masu idon gyaran agogo.

Tambaya: Na harhaɗa Shay ta HO mai bogi biyu. Tana tafiya, amma da na ba ta wuta sai ta fizga kamar jirgin fasinja. Wace irin giya nake buƙata?

Amsa: Mu yi lissafin tare, don da shi za ka zaɓi giya ba da ƙiyasi ba. Waɗannan injuna a bakin aiki ba sa wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, da kaya a hawa kuwa ƙasa da haka. Ɗauki kilomita 16 a awa, wato mita 4.4 a daƙiƙa. Raba da 87, ka sami kusan santimita 5 a daƙiƙa. Ƙafa mai inci 36 a HO milimita 10.5 ce, kewayenta kusan milimita 33. Ke nan ƙafar za ta juya sau ɗaya da rabi a daƙiƙa, kusan sau 93 a minti. Idan motonka yana juyi 9,000 a minti a kan bolt 12, ragin da kake nema ya kusa 100 zuwa 1. Yawancin ƙananan jirage na kasuwa ragin giyarsu bai kai rabin haka ba, shi ya sa taka ke gudu.

Giya ɗaya ba za ta ba ka wannan ba, sai hawa biyu. Misali, giyar tsutsa mai ragin 30 zuwa 1 daga moto zuwa karanshaf, sannan giyar mazurari mai ragin 3 zuwa 1 a ƙafafu, jimla 90 zuwa 1. Ko ka sayi moto mai akwatin giya a bakinsa, ka ƙara tsutsa mai ƙaramin ragi. Amfanin babban ragi ya wuce rage gudu. Moto yana aiki lafiya ne idan yana juyi da sauri. Idan ka tilasta masa rarrafe da ƙarancin wuta sai ya riƙa tsalle daga maganaɗisu zuwa maganaɗisu, jirgin ya riƙa dogarawa. In akwai wuri, ɗora ƙaramin filawil na tagulla, wato faifai mai nauyi da ke daidaita juyi, a kan shaf ɗin moto, ko da mai faɗin milimita 10 ne.

Sai ka yanke shawara a kan abu ɗaya tun kafin ka huda firam. Ko ƙarfi ya bi ta shaf na gefe kamar yadda yake a ainihin injin, ko ka ɓoye tuƙi a tsakiyar bogi ka bar ƙafafu su riƙa juya shaf na gefe don ado kawai. Hanya ta farko ta fi kyau a ido da kunne, amma tana neman aiki mai tsabta a kowace gaɓa. Ta biyu ta fi yafiya. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyun, a tura ƙarfi ta tsakiya da ta gefe a lokaci guda. Ragin ba zai taɓa zama daidai ƙwarai ba, giyoyin za su riƙa kokawa da juna har ɗaya ta ci haƙoran ɗaya.

Tambaya: Tawa matsalar ɗingishi ce. A miƙaƙƙen layi tana tafiya tana ɗan cijewa, a kwanar dama kuma sai ta tsaya cak ko ta sauka daga layi.

Amsa: Cuta biyu ce, ɗan'uwa, kowace da maganinta. Fara da cijewar. Cire moto, ka ɗora injin a kan gilashi ko layi mai tsabta, ka tura da yatsa a hankali. Ɗiga farin fenti a kan ƙafa ɗaya, ka ɗiga wani a kan shaf. Idan cijewar tana dawowa sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, laifin yana ƙafa: ko giyar mazurari ba ta zauna daidai tsakiya ba, ko ƙafar ta karkace a kan aksul, ko wani haƙori yana da ɓurɓushi. Idan kuwa tana dawowa a kowane juyin shaf, duba lanƙwasar shaf, da karanshaf, da kuros.

Kuros, irin na farfelar mota, shi ne inda aka fi yin kuskure. Kuros ɗaya idan ya karkata ba ya juyi da sauri iri ɗaya, yana gaba yana baya sau biyu a kowane juyi. Na biyun ne ke goge wannan bambanci, amma sai in cokulan da ke bakin guntun shaf na tsakiya suna kallon gefe guda. Idan ɗaya ya juya da kwata, maimakon su goge sai su ninka. Zare, ka juya, ka mayar.

Sannan tazarar haƙora. Giyar da aka matse tana cijewa, wadda aka saki tana tsallake. Yanki ɗan siririn takarda mai laushi, ka sa tsakanin haƙoran giyoyin biyu, ka matsa su, ka ɗaure, sannan ka juya takardar ta fita. Tazarar da ta bari ta isa. Idan ƙafa tana wasa hagu da dama fiye da milimita 0.2, wannan tazara za ta riƙa canjawa a kan tafiya, sai ka cike da siraran washa a bayan ƙafar. Kada ka manta da auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, a HO kusan milimita 14.5 ne, kuma ma'aunin ƙarfe na NMRA, ƙungiyar masu ƙananan samfurin jiragen ƙasa ta Amurka, zai nuna maka nan take.

Wata cutar da ke ɓuya ita ce tsagewar giyar roba da aka cusa a kan aksul na ƙarfe. Robar tana tsukewa da shekaru, ƙarfen ba ya tsukewa, sai ta tsage a tsakanin haƙora biyu. Alamarta ƙara ce, ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane juyi. Gam ba ya gyara ta, sai canji.

Yanzu kwanar dama. Tunda shaf ɗin Shay a gefe yake, duk lokacin da bogi ya juya tsawon da ke tsakaninsa da injin yana canjawa. A kwanar dama gefen shaf ne ke ciki, tazarar ta ragu. A kwanar hagu ta ƙaru. Saboda haka ake sa gaɓa mai zamewa, bututu mai kusurwa huɗu a cikin wani. A kwanar santimita 46, ƙaramar Shay ta HO tana buƙatar kusan milimita 1 na zamewa ta kowace fuska. Ka ba ta milimita 2. Taka ta kai ƙarshen bututu ne ta tokare, bogi ya kasa juyawa, ƙafa ta hau kan layi. Rage tsawon na cikin da magagari kaɗan kaɗan, kana gwadawa a kwanar hagu don kada ya yi gajarta ya zare. In sabo za ka yi, bututun tagulla mai kusurwa huɗu na milimita 1.6 yana shiga na 2.4 daidai. Goge bakinsa, don ɗan kaifin da zarto ya bari ya isa ya hana zamewa.

Tambaya: Da me zan yi firam da tukunya? Kuma yaya ake sodar ƙananan kayan farin ƙarfe, wato gaurayen ƙarfen nan mai saurin narkewa? Na narkar da guda biyu.

Amsa: Firam da tagulla, don shi ne ke riƙe jerin giyoyi a layi ɗaya, roba kuwa tana lanƙwashewa. Haɗa sassan gefe biyu da ɗigon soda, ka yanke su ka huda su tare, sannan ka raba. Haka ramukan za su fuskanci juna. Yi sodar a kan gilashi ko tayil mai santsi, kuma kada ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan: ɗiga nan, ɗiga can, in ba haka ba zafi zai miƙar da gefe ɗaya firam ya fito kamar baka. Tukunyar ƙaramar Shay ta HO bututun tagulla ne na milimita 12 ko 13. Ɗakin direba da tankin ruwa za ka iya yin su da tagulla mai kaurin milimita 0.3 ko sitayirin mai 0.5. Madafar hannu waya ce ta milimita 0.3 zuwa 0.4.

Dabarar soda ita ce sauka daga zafi zuwa sanyi. Manyan gaɓoɓi da soda mai narkewa a digiri 188, ƙananan kayan tagulla da mai 145, farin ƙarfe da mai 70. Haka sabon aiki ba ya kwance tsoho. Farin ƙarfe ba ya jure ƙarfen soda na gyaran rediyo, sai wanda ake iya rage wa zafi. Kuma soda mai 70 ba ta kama tagulla tsirara da kyau, sai ka fara shafa wa wurin mai 145, sannan ka ɗora. In ba ka da irin wannan ƙarfen sodar, gam mai haɗi biyu ya wadatar, musamman in ka huda ka sa ɗan guntun waya ya zama turaku. Bayan kowane zama wanke aikin da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, don ruwan fulos, wanda ake shafawa don soda ta kama, mai asid ne, zai ci aksul na ƙarfe da tsatsa cikin kwana ɗaya.

Tambaya: Taragu uku kawai take ja a hawa, sai ƙafafu su riƙa zamewa. In ƙara dalma?

Amsa: Ƙara, amma ka san inda za ka sa. Samfurin Shay kusan kullum gefen damansa ya fi nauyi saboda silindoji da shaf, sai ƙafafun hagu su riƙa taɓa layi sama sama, ƙarfin ja ya ragu, wuta ma ta riƙa yankewa. Cika tukunya da tankin ruwa, kana karkata nauyin zuwa hagu. Ɗora injin a kan fensir a gicciye ka ga inda ya daidaita. Ya kamata ya faɗo tsakiyar bogi biyun. Tangistan ya fi dalma nauyi sosai, giram 19 a kowane santimita kubik a kan giram 11, saboda haka ya fi amfani a ƙuntataccen wuri. Kada ka liƙa ƙwayoyin dalma da farin gam na kafinta. Suna cin juna a hankali, dalmar ta kumbura, bayan 'yan shekaru ta tsaga tukunya. Yi amfani da gam mai haɗi biyu, ka wanke hannu bayan taɓa dalma.

Iyakar nauyi kuwa ga ta: riƙe injin da yatsa ka ba shi wuta. Dole ƙafafu su iya zamewa. In sun tsaya cak, moto ne zai ƙone.

Duba hawan ma. Layin dogo na Cass da ke jihar West Virginia, inda Shay ta ƙarshe da Lima ta ƙera take, yana da wuraren da hawa ya kai kashi 9 cikin ɗari, amma a kan tebur kashi 4, wato santimita 4 a kowace mita, ya isa ya nuna wahala a ido ba tare da ya kashe ja ba. Kwana a tsakiyar hawa tana ƙara masa nauyi. Kuma kada hawa ya fara farat ɗaya, a ba shi santimita 30 yana lanƙwasowa a hankali. Taragun gumagumai kusan ƙashi ne zalla, ba su da nauyi, sai a sa musu ƙafafun ƙarfe don kada su kife, gumaguman kuma a yi su da itace mara nauyi. In injin yana zabura yana tsayawa a gangara, giyar tsutsa ce ke wasa gaba da baya. Sa washa a gefenta har wasan ya koma kamar milimita 0.1.

Tambaya: Tana mutuwa a kan mararrabar layi. Dikodar DCC, wato ɗan allon lantarki da ke karɓar umarnin tuƙi ta cikin layi, za ta magance?

Amsa: A'a, za ta ma ƙara fito da matsalar, don dikoda mai sauti tana sake tashi daga farko duk lokacin da wuta ta ƙifta. Gyara ɗaukar wutar tukuna. Kowace ƙafa cikin takwas ta ɗauki wuta, da wayar tagulla mai tsauri ta milimita 0.25 tana shafar bayan ƙafar a hankali, an sodar da ita a kan guntun allon sakit da aka liƙa ƙarƙashin bogi. Sannan bogi ɗaya ya sami damar karkata hagu da dama, ɗayan ya juya kawai, kamar kujera mai ƙafa uku wadda ba ta girgiɗi a ko'ina. Bayan haka ne kafasita mai riƙe wuta za ta yi amfani.

Kafin haɗa dikoda, auna da mita ka tabbata babu ko ɗaya daga bakunan moto da ke taɓa firam, in akwai kuwa dikodar za ta ƙone a kunnawar farko. A cikin saitunan dikoda da ake kira CV, daidaita CV2 har injin ya motsa a mataki na ɗaya, CV5 don rage ƙarshen gudu, CV3 da CV4 don tashi da tsayawa a hankali. Fitilar LED tana son resista ta om 1,000 ko fiye, don fitilun wancan zamani ba su da haske mai kashe ido. Sautin kuma kada ka saita shi kamar na jirgi na yau da kullum mai huci huɗu a juyin ƙafa. Shay mai silinda uku tana huci shida a kowane juyin karanshaf, karanshaf kuma yana juyi biyu zuwa uku kafin ƙafa ta yi ɗaya. Shi ya sa ake jin ta kamar tana tsala gudu alhali mai sassarfa zai iya binta.

Tambaya: Wane fenti da waɗanne kayan ado ne za su sa ta yi kama da ta daji sosai?

Amsa: Fara da abin da take ƙonawa, shi ke tsara sauran. Mai ƙona itace tana da bututun hayaƙi mai ƙaton kai da raga a ciki don tare tartsatsi, saboda gobarar daji ce babban abin tsoron masu wannan aiki, bayanta kuma tulin faskare. Mai ƙona mai bututunta miƙaƙƙe ne, tana da tanki a bayan ɗakin direba. Kada ka haɗa tankin mai da tulin itace. Ƙara mesar zuƙo ruwa daga rafi a nannaɗe a gefe, wadda wayar soda ta milimita 0.8 ke kwaikwaya da kyau, da sarƙa, da akwatin kayan aiki, da bokiti.

Wanke, ka tsoma tagullar a ruwan binega na minti goma don fenti ya sami abin kamawa, ka ɗauraye, ka bari ta bushe, kada yatsa ya sake taɓa ta. Fesa siririn fenti na shimfiɗa, sannan baƙi wanda aka ɗan sirka da fari da ruwan ƙasa, don baƙi ƙirin yana haɗiye duk ƙananan kayan da ka sha wahalar yi. Gaban tukunya da bututun hayaƙi launin toka mai duhu. Farin zane na ruwa yana gangarowa daga usur da bawul, tsatsa kaɗan a ƙasan tanki, toka a saman rufi. Gefen giya shi kaɗai ke ƙyalli, don kullum cikin maiƙo yake. Rufe bakin ƙafafu da wuraren shafar waya da tef kafin fesawa, haƙoran giya da gaɓa mai zamewa kuma kada fenti ya shiga su ko kaɗan. Idan an mayar da komai, ɗigon mai ɗaya a bakin allura ga kowane bushin, giris kaɗan a tsutsa, kuma ka karanta jikin kwalbar ka tabbata irin wanda ba ya cin roba ne. Sai ka bar ta ta zaga layi rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu, kafin ka ɗaura mata tarago.